Awon Ƙarshe

Yau an aiko yaro daga Rikoto,
wai in zo da igiyar awo.
Ban tambayi na wane ne ba.
Tun asuba ƙararrawar coci ke bugu ɗai-ɗai,
kamar mai tafiya da ƙaya a ƙafa.

Koma, yaro, na san tsawonsa.
Na auna shi shekara arba'in da ɗoriya,
ranar da ƙofar ajin farko ta buge masa goshi,
ya dafe wurin yana dariya:
"Kafinta, ko ka ɗaga ƙofa, ko ka rage ni."

A bayan motar gyaɗa ya iso Zuru,
shi da akwatin ƙarfe da keke marar birki.
Lokacin ba a ce masa Bishof,
Malam Natanayel ne kawai, dogo, mai tari.
Ya ce benci goma sha biyu yake so.
Na ce kuɗi fa?
Ya juye aljihu, alli ya faɗo.

Da allin nan ya biya ni.
Bayan la'asar, a kan ɓarin katako,
ya nuna mini bakwai, ya nuna mini tara,
har na daina awo da kamun hannu.
Ya san alƙiblata, na san tasa.
In an kira azahar shi ke karɓe zarto,
ya ce, "Je ka, Ubangidanka na jira,
katako ba ya gudu."

Ba zan wanke shi tas ba, yana da zuciya.
Ya kori Malam Ango kan kuɗin makaranta,
ya kira shi ɓarawo a gaban yara.
Da damina na buɗe teburinsa don gyara,
ga kuɗin a lungu, gara ta ci rabi.
A ƙafa ya taka har Dabai cikin ruwa,
ya durƙusa a ƙofar gidan mutumin.
Ango ya yafe, amma bai dawo ba.

Samari suka tafi noman golmo, aji ya zama kango,
sai ya ɗaura allo a bayan keke
ya bi su gona, yana jiran su sha fura
ya cusa musu baƙi biyu kafin a koma kunya.

Shekarar ƙyanda na yi masa ɗan akwati,
tsawonsa bai kai hannuna ba.
Ya karɓa, bai ce komai ba.
Washegari ya shiga aji ya kira suna.
Da ya zo kan Rifkatu ya tsaya,
sannan ya wuce.

Da aka naɗa shi, ya sa riga shunayya,
na sassaƙa masa kujerar maɗaci, wata uku ina yi.
Sau nawa ya zauna? Kirsimeti da Ista.
Sandar nan mai lanƙwasa kuwa,
na gan ta tana kaɗo wa yara mangwaro.

Yanzu manya sun zo da motoci,
likita, alƙali, wata mai koyar da malamai,
suna so a sayo katako daga Legas.
Na ce ku bar ni.
Na shiga tsohon aji na ɗauko benci huɗu,
waɗanda kuka ƙwaƙule sunayenku da ƙusa:
Dudu, Saratu, Bawa mai kuka.
Ban goge ko ɗaya ba,
ciki na juya su, su kwana tare da shi.

Natanayel, da sauran kuɗin benci uku a kanka.
Na rubuta a bango, da hannuna,
da rubutun da ka koya mini.
Bar shi nan.
Ga ƙofar, wannan karon na ɗaga ta,
shiga, ba za ta buge ka ba.